Barakatu Ta Je Neman Asali a Ƙofa

Jikokin Barakatu su bakwai ne a Kano, kuma duk wanda aka miƙa wa takardar cikewa a cikinsu, in ya zo wurin da ake tambayar garin asali, Ƙofa yake rubutawa. Babu ko ɗayansu da ya taɓa kwana a Ƙofa. Ba su kaɗai ba ne. Unguwa Uku cike take da irinsu, masu gari a takarda, wanda wata tsohuwa ko wani tsoho ya zaɓa musu tun ba a haife su ba. Nasu Barakatu ce ta zaɓa, kuma ba a banza ta same shi ba.

A barikin 'yan kuza aka haife ta, a gefen Riruwai, shekara guda bayan an gama yaƙin duniya na biyu. Ubanta Audu shi ne mutumin Ƙofa na gaskiya. A lokacin yaƙin aka yi abin da mutane ke kira ɗiban gwamna: kowane dagaci ya kawo maza, a tafi da su haƙar kuza, ko suna so ko ba sa so. A gidan su Audu sunan ƙanensa Mudi ne ya fito. Mudi kuwa bai fi wata biyu da aure ba. Uwarsu ta yi ta kuka, sai Audu ya naɗe tabarmarsa ya shiga layi a madadinsa. Wata huɗu aka ce za su yi. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya kusa shekara bai san inda kansa yake ba. Da ya miƙe ya aika gida, ɗan aiken ya dawo ya ce masa an yi sadakar arba'in ɗinsa tuni, uwarsu ta rasu, Mudi ya haɗa gonar Audu da tasa yana nomawa, kuma da aka ba shi saƙon cewa ya yi ƙarya ne, wansa ya mutu. Audu bai koma ba. Ya auri Dije mai sayar wa leburori tuwo, ya zauna. Sau ɗaya ya ba 'yarsa wannan labari, yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago kai ba.

Tana shekara bakwai aka ba ta ƙwarya. Maza ke haƙo ƙasa su wanke ta a lambatu, mata da 'yan mata su bi abin da ruwa ya wuce da shi, su tsaya a rafi har gwiwa suna juya shi a ƙwarya. A juya, a karkata, ruwa ya tafi da laka da farin yashi, baƙin mai nauyi ya kwanta a gindi. Shi ne kuza. Barakatu ta fi duk sa'o'inta iya wannan juyi. Abin da ta samu da shi faso ne a dugadugai, wanda bai warke ba har ta koma ga Allah.

Ta auri Mainasara, shi ma lebura. Iyayensa daga can wajen Damagaram suka gangaro, suka mutu a bariki yana ƙarami, babu wanda ya riƙe sunan ƙauyensu. Mutum ne shiru-shiru, shi ke jan leburori salla in liman bai fito ba. Sun haifi biyar, biyu suka koma, mata biyu aka aurar da su a Doguwa. Namijin da ya rage shi ne na fari, Rufa'i.

Barakatu ta riƙe kunyar ɗan fari yadda uwarta ta riƙe, har ta zarce ta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi. In ta gama tuwo sai ta ajiye ta ce da ƙofar ɗaki, "Ga abinci nan in da mai ci." Shi ma in zai yi mata magana ƙasa yake kallo, ya faɗi rabi ya bar rabi. Bariki taron ƙabilu ne, wasu matan dariya suke yi mata, su ce ɗa ne ko suruki. Ita kuwa da wannan take nuna wa kanta cewa ita 'yar mutane ce, ko da a bariki aka binne cibiyarta.

A 1985 kuza ta faɗi, kamfani ya rufe rami. Daminar da ta biyo baya tari ya tafi da Mainasara. Rufa'i ya riga ya gama sakandare, yana aikin akawu a wata masaƙa a Kano, sai ya zo ya kwashe uwarsa da 'yan komatsanta a bayan a-kori-kura, ya kai ta gidan haya a Unguwa Uku. Ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya.

Washegari da safe ta fito da bokiti ta tarar da mata biyu suna faɗa a kan layi. Ɗayar, wata doguwa mai haƙorin Makka, ta nuna ɗayar da ɗan yatsa ta ce, "Ke har kin isa ki sha gabana? 'Yar bariki kawai, wadda ba a san gidan ubanta ba!" Sauran mata suka yi shewa. Wadda aka zaga ta ɗauki bokitinta babu ruwa ta shige ɗaki. Doguwar ta juyo, fuskarta fes kamar ba ita ba, ta ce, "Iya, sannu da zuwa. Ke ce tsohuwar Malam Akawu? Daga wane gari?"

"Ƙofa," in ji Barakatu. Bakinta ne ya faɗa kafin ta yi shawara da shi.

"Ayyo, ta wajen Bebeji? Manoma ke nan."

"Manoma."

"Marigayin ma ɗan can ne?"

"Ɗan wan babana ne. Auren gida aka yi mana."

Rufa'i yana bakin ƙofa yana ɗaure takalmi, ya ji komai. Ya gama ɗaurewa ya tafi aiki. Ba su taɓa tayar da maganar ba, shi da ita.

Shekarun nan ne aka hana shigo da shinkafar waje, wadda matan birni suka saba su ɗauraye su zuba a tukunya. Aka koma 'yar gida, ita kuwa a ƙasa ake shanya ta, a ƙasa ake bugunta, tsakuwa kamar da gangan aka zuba. Maza suka riƙa ture kwano suna riƙe da muƙamuƙi. Akwai wadda aka yi wa saki ɗaya a gidan saboda haƙorin miji. Barakatu ta ga wata amarya tana tsintar shinkafa ƙwaya-ƙwaya a faifai tana hawaye, ta ce mata, "Kawo nan." Ta zuba a ƙwarya, ta sa ruwa, ta juya, ta karkata. Kafin amaryar ta share ido an rege kwano guda, ga tsakuwar can kwance a gindi ita kaɗai.

Daga nan sunanta ya fita. Duk gidan da za a yi biki ko suna a unguwar, sai an aiko wa Iya Baraka. Buhu biyu take regewa kafin azahar, kuma har a gama cin abinci ba za a ji wani ya ce wash ba. Abu ɗaya ne ba ta iya bari ba, don ba ta ma san tana yi ba. In ta kwashe shinkafar, kafin ta zubar da abin da ya rage, sai ta karkata ƙwaryar wajen rana ta leƙa gindin.

A farkon 1991 ta ji a bakin matan gidan cewa ɗanta na neman Luba, 'yar Alhaji Balarabe mai hatsi, wanda ke da gidan bene a bayan tasha. Shi da kansa abin da ya faɗa bai wuce jimla ɗaya ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce da tabarma, "An ce a turo manya bayan salla." Ta ce da tukunya, "Allah ya sa alheri." Ta ga yadda ya rame a watannin nan, ta ga yana goge riga sau biyu kafin ya fita. Shekararsa ashirin da tara, kuma bai taɓa cewa yana son wani abu a duniya ba sai wannan.

Mako biyu bayan haka aka kira ta gidan suna. Tana tsugune a tsakar gida tsakanin manyan ƙore, sai ga wata ƙatuwar mace ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Hajiya Furera ce, ƙanwar Alhaji Balarabe, gwaggon Luba, wadda duk unguwa ke tsoron bakinta.

"Ke ce uwar angon namu? Sannu da aiki."

"Yauwa, Hajiya. Sannu da fitowa."

Hajiya Furera ta zuba mata ido har ta gama ƙwarya ɗaya, sannan ta tafa hannu. "Kai, jama'a, ku zo ku ga hannu! Ni fa na yi shekara shida a Bukuru da marigayi. Irin wannan juyin a wurin masu wankin kuza kawai na taɓa ganinsa. Har da leƙa gindin ƙwarya! Me kike nema a ciki, zinariya?"

Mata suka kwashe da dariya.

"Tsakuwa nake dubawa, Hajiya."

"A Ƙofa ake koyar da shi?"

"A gida na koya."

"To madalla. Ai Yaya Alhaji zai tura mutane Ƙofar taku ranar Asabar ta sama. Mu ba ma ba da yarinya sai mun ga zauren da uban ango ya fito."

Barakatu ta gama buhun, ta wanke hannu, ta ƙi tsayawa cin abinci. Binciken asali ba baƙon abu ba ne, kowa ya san ana yi. Ita ce dai ta shekara huɗu tana lallashin kanta cewa ranar ba za ta zo ba. 'Yan aike za su sauka a Ƙofa su tambayi gidan su Mainasara, a ce ba a taɓa jin sa ba. Su dawo su ce yaron ba shi da asali, uwarsa kuma maƙaryaciya ce. Shi ke nan an fasa.

Da wata uwar ce da wani ɗan, da ta kira shi ta zaunar, ta ce ga abin da na jawo mana, yaya za mu yi. Amma ta yaya za ta dubi ɗan fari ta yi masa zancen aurensa baki da baki? Uwarta ba ta taɓa yi ba, kakarta ba ta taɓa yi ba. Sai ta kwance bakin zane, ta shiga kasuwa ta sayi goro, da sabulu sinƙi guda, da yadin shadda na babbar riga. Da ya dawo aiki ta ce da ƙofa, "Gobe za a je dubiya ƙauye." Bai tambayi wane ƙauye ba.

Ta hau ƙaramar bas a tashar Unguwa Uku, aka sauke ta a bakin titi, mai babur ya ƙarasa da ita. Ƙarshen rani ne, ana ta sharar gonaki, hayaƙi na tashi nan da can. Wannan ne karo na farko da ƙafarta ta taka garin da ta shekara huɗu tana ba da labarinsa. Ta taɓa gaya wa matan gidan haya cewa akwai ƙaton rimi a ƙofar gidansu. Ta duba ba ta ga rimi ba.

A gindin wata ɗurumi ta sami tsofaffi, ta durƙusa ta gaishe su, ta tambayi gidan su Audu.

"Wane Audun, baiwar Allah?"

"Wanda aka ɗiba kuza, zamanin Turawa."

Suka dubi juna. Mafi tsufa a cikinsu, wanda sai da aka maimaita masa a kunne, ya nuna da sanda. "Gidan Mudi take nema."

Ta same shi a zaure yana tufkar igiya, ya ɗaure bakinta a babban yatsan ƙafa. Ido ɗaya ya yi yana. Kunnuwan ubanta ne sak, da goshin, har da yadda yake sunkuyar da kai a kan aiki. Ta durƙusa ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tura kayan gabansa.

"Baffa, ni 'yar Audu ce."

Hannunsa bai tsaya ba. "Audu wanne? Garin nan Audu sun fi ashirin."

"Wanka, Baffa."

"Wana ya rasu tun ina sabon ango. Ni na raba waina ranar sadakarsa."

"Ya rasu, Baffa, amma bana shekara goma sha biyu. A hannuna ya cika."

Sai a nan igiyar ta tsaya. Ya juyo da idon mai gani ya ƙare mata kallo, daga ɗankwali har faso.

"Wa ya turo ki? Alƙali?"

"Babu wanda ya turo ni."

"To ki saurara. Gonar nan shekara kusan hamsin ina kai mata taki a kan jakina. Maza tara na haifa, duk a cikinta suke ci. Ki kwashe goronki. Ni ba a saye na da sabulu."

"Baffa, wallahi ba gona ta kawo ni ba."

Ta faɗa masa komai, kanta a ƙasa. Famfon, da ƙaryar, da yarinyar, da 'yan aiken da za su zo Asabar. Abin da take roƙo bai fi kalma biyu ba: in sun zo, ya ce nasu ne.

Baffa Mudi ya fashe da dariya har da tari. "Au! Ashe ke ce mai buƙata. Ni da na ɗauka ranar tawa ce ta zo." Ya miƙa hannu ya jawo shaddar, ya murza ta tsakanin yatsu. Ya ɓare goro ɗaya ya jefa a baki. "To, 'yata, ai abu mai sauƙi ne. Mijin naki, wa ma kika ce sunansa, Mainasara? Sai in ce ɗan babban wanmu ne Sabo. Ya rasu bai bar baya ba, Allah ya ba shi ɗa yau. Amma ni ma ina da tawa."

"Ina ji, Baffa."

"Bayan la'asar zan kira mai unguwa da mutum biyu. Ki faɗa a gabansu cewa Audu da ƙafarsa ya bar garin nan. Ya sayar mini da rabonsa, ya karɓi kuɗinsa, ya tafi yawon duniya, bai sake aikowa ba. Ɗiban gwamna kuwa kada in ji shi a bakinki. Waɗanda suka san da shi sun mutu, saura ni da wancan kurman na gindin ɗurumi."

"Baffa, ai a madadinka ya tafi."

"Ke kina wurin?"

Ya jawo igiyarsa ya ci gaba da tufka.

"In ba za ki iya ba, ga hanya nan, mota ba ta ƙare ba. Ranar Asabar in sun zo, in ce musu wata mata dai ta zo daga bariki tana neman in yi mata ƙarya."

Aka shigar da ita cikin gida wurin mata, ta yi azahar, ta zauna a inuwar rumbu. Tana da sa'a uku da za ta iya tashi ta tafi, kuma babu wanda ya tsare ƙofa. Ta yi tunanin ubanta, ta yi tunanin rigar da ake gogewa sau biyu. Ɗaya yana ƙasa, ɗaya yana raye. Haka ta auna, ba wani dogon lissafi ba.

Mai unguwa matashi ne, bai kai ta shekaru ba. Ya zauna a kan buzu, shaidu biyu a gefensa, ita tana daga bakin ƙofar cikin gida, lulluɓe da mayafi. Ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, a jere, muryarta ba ta ko rawa ba.

"Ke da bakinki? Babu wanda ya tilasta ki?" in ji mai unguwa.

"Babu."

"Shi marigayin da kansa ya gaya miki ya sayar?"

Wannan ba ya cikin abin da suka shirya. Ta ji Baffa Mudi ya daina tauna goro.

"Da kansa," in ji ta.

"Ikon Allah. To me zai sa mutum ya sayar da gonar gado ya shiga duniya?"

"Ranka ya daɗe, ba ka san Yaya Audu ba," in ji Baffa Mudi. "Ƙafa ba ta zama. Inda duk aka shimfiɗa karta, ko aka buga ganga, yana can. Ga 'yarsa nan, a tambaye ta."

Mai unguwa ya dube ta. Barakatu ta gyaɗa kai.

Aka shafa fatiha. Matar gidan ta kawo mata fura a ƙwarya, ta shanye tas, don ƙishirwa take ji. Ta iso Kano kafin magariba, ta ɗora tuwo.

Ranar Asabar 'yan aike suka je suka dawo. Bayan salla aka kai gaisuwa, aka sa rana. Ranar ɗaurin aure Baffa Mudi ya iso da maza huɗu cikin 'ya'yansa, sanye da shaddar, an yi mata aiki a wuya. Shi ya karɓa wa Rufa'i aure. Aka shimfiɗa masa darduma a zauren Alhaji Balarabe, ya ci kaza, ya riƙa ba mutane labarin ɗansu Mainasara.

Barakatu tana can bayan gidan da aka ara don biki, wurin tukwane, inda uwar ɗan fari ta fi son a bar ta. Da rana ta karya sai ga Hajiya Furera ta shigo tana fifita da bakin mayafi. Ta kifa turmi ta zauna a kai, ta kori 'yan matan da ke wanke-wanke.

"Wannan tsohon naku na Ƙofa bakinsa ba ya gajiya? Tun safe yake ba maza labarin yadda ya goyi Mainasara a bayansa. Yaya Alhaji har ya fita waje ya yi dariya ya dawo."

Barakatu ta ci gaba da juya miya.

"Ke Barakatu, ajiye ludayin nan. An ɗaura, ba mai kwancewa, mun zama ɗaya. Ki daina wahalar da kanki. Ɗanki tun zuwansa gaisuwa na biyu ya durƙusa gaban Yaya ya ce, 'Baba, ni a barikin Riruwai aka haife ni. Ubana lebura ne, bai ma san garinsu ba. In da matsala gara in sani tun yanzu.' Haka ya faɗa, ina bayan labule."

Ludayin ya tsaya.

"Riruwai muka fara turawa, tun kafin azumi. Kwana biyu suka yi. Ba su sami mutum ɗaya da ya faɗi aibinku ba. An nuna musu masallacin da mijinki ke jan salla. Wasu tsofaffi suka ba su labarin babanki, wai shi ya shiga layi a madadin ƙanensa. Yaya ya ce ya gama bincike, a ba yaro mata."

"To Ƙofa fa?" in ji Barakatu.

"Ƙofa don ke aka je. Ɗanki ne ya roƙa. Ya ce tsohuwarsa ta gaya wa 'yan gidan haya Ƙofa, kada a kunyata ta, a je ko don idon mutane, kakansa ai ɗan can ne. Ni kuwa ranar sunan nan tsokanarki nake yi, na zaci kin sani. Uwa da ɗa a ɗaki ɗaya! Ku ba kwa magana ne?"

"Na fari ne."

"Na fari! Ni nawa na farin har dundu nake yi masa." Hajiya Furera ta gyara zama, turmin ya yi ƙara. "Mu ɗin wa, da za mu raina lebura? Tsohonmu dako ya yi a tashar jirgi, buhun gyaɗa ya cinye masa gashin ƙeya. Yanzu yaran gidan cewa suke mu 'yan cikin badala ne tun kaka da kakanni. Na bar su, me zan ce? Rabin unguwar nan haka take. Ita mai haƙorin Makkar gidanku, ki tambaye ta inda uwarta ta sayar da burkutu."

Ta yi dariya ita kaɗai, sannan ta rage murya.

"Abu ɗaya ne ya ɗaure wa 'yan aiken kai. A Riruwai an ce musu babanki fansar ƙanensa ya yi. A Ƙofa mai unguwa ya ce ke da bakinki kika shaida ɗan karta ne, ya sayar da gona ya shiga duniya. Wanne ne?"

Wutar murhu ta ci ta fito waje, Barakatu ba ta tura icen ba.

"Na Riruwai ne gaskiya."

"To me ya kai ki, baiwar Allah?"

Can ta ce, "Shi... wancan... ya ji?"

"Ɗan naki? Yana zaune aka ba da bayani."

Hajiya Furera ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗanɗana miyar, ta ce gishiri bai ji ba, ta fita.

Ba a jima ba aka yi sallama, ango ya shigo da abokansa gaida iyaye. Abokan suka cika wurin da hayaniya, suna Iya a sa mana albarka, Iya ina namu naman. Rufa'i ya durƙusa daga nesa cikin farar riga, idonsa a ƙasa. Shekara ashirin da tara haka yake durƙusa mata, kuma kullum ta san abin da sunkuyon yake nufi. Yau ta dube shi da gefen ido ba ta sani ba. Ta jira ko zai ce wani abu. Shi ma kamar jira yake.

"Allah ya ba da zaman lafiya," ta ce da tukunya.

"Amin," ya ce da ƙasa.

Auren ya yi albarka. Luba yarinyar kirki ce, ta riƙe surukarta da kyau. Barakatu ta ƙara shekara bakwai a gidan ɗanta, ɗakinta na kallon nasa, kafin ciwon ciki ya kwantar da ita a daminar 1998. A daren biki da bayansa, da duk shekarun nan, babu wanda ya tayar da maganar a cikinsu. Ranar da ta rasu 'ya'yan Baffa Mudi suka zo gaisuwa mota guda, suka zauna a sahun gaba, su aka riƙa yi wa ta'aziyya.